Filin Amsa Tambayoyinku: Tsakanin Kulob da Ƙasa, Wa Ke da Iko da Ɗan Wasa?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato rigimar da ke tashi tsakanin ƙungiyoyin Turai da ƙasashenmu duk lokacin da aka kira ɗan wasa gida. Na zaɓi biyar daga ciki. Waɗanda suka yi tambaya kan cinikin 'yan wasa su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallon ƙwallo a Funtuwa. Duk sanda gasar kofin Afirka ta ƙarato sai musu ya kaure a gidana, har wata rana sai da na kashe janareta kafin jama'a suka watse. Wasu na cewa kulob ne ke biyan albashi, saboda haka yana da ikon hana ɗan wasansa tafiya. Wasu kuma na cewa ƙasa ta fi ƙarfin kulob. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ka gaya wa mutanenka cewa a kan takarda ƙasa ce ke da iko. FIFA na da kalandar wasannin ƙasashe, kuma dokarta ta wajabta wa kowane kulob ya saki ɗan wasan da ƙasarsa ta kira a ranakun da ke cikin wannan kalanda. Kofin Afirka na ciki, haka wasannin neman gurbi da na sada zumunta. Ƙasa ba ta biyan kulob ko sisi a kan wannan aro. Ita dai ke ɗaukar kuɗin tafiyar yaron, albashinsa kuwa yana ci gaba da fita daga aljihun kulob. Idan an kira shi bai je ba, kuma ƙasar ba ta yafe ba, ba shi da damar buga wa kulob ɗinsa wasa har gasar ta ƙare, a ƙara masa kwana 5 a kai. Sai dai ita ma ƙasa an ɗora mata sharaɗi: ta aika takardar kira aƙalla kwana 15 kafin ranar da za a saki ɗan wasan, ta kuma sanar da kulob a lokaci guda.

Wannan sharaɗi na kwana 15 shi ne ya ci mu a ƙarshen 2021. Emmanuel Dennis na kan ganiyarsa a Watford, yana zura ƙwallaye a gasar Firimiya, sunansa ya fito cikin waɗanda za su je kofin Afirka a Kamaru. Sai Watford ta ce takardar hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, ta iso a makare, don haka ba dole a kanta. NFF ta yi ta ɓaɓatu, amma a ƙarshe cire sunansa ta yi. Al-Shabab ta Saudiyya ma ba ta saki Odion Ighalo ba. Victor Osimhen kuwa yana murmurewa daga karayar ƙashin fuska da ya samu a wasan Napoli da Inter a watan Nuwamba, ga korona ta kama shi. Haka muka tafi babu manyan 'yan gabanmu uku.

Ina Garwa a lokacin, ta Yola na shiga. Duk wanda ya je ya san ba baƙunta muka yi ba, don a kasuwa da Hausa ake ciniki, a filin wasa kuma kai ka ce a Kano ake buga wasan. Mun doke Masar da ci 1 da nema, Kelechi Iheanacho ya ci, muka bi ta kan Sudan da Gini Bisau. Ranar 23 ga Janairu 2022 Tunisiya ta jefa mana ƙwallo ɗaya jim kaɗan da dawowa hutun rabin lokaci, aka ba Alex Iwobi jan kati, muka yi ta kai hari babu mai ƙarasawa. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya taso tun daga Mubi, bai ce uffan ba har aka tashi, sai a bakin ƙofa ya tambaye ni wai ina yaron nan na Watford. Ban sami abin ce masa ba. Har yau ina jin zafin wannan dare, kuma ban yafe wa Watford ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takarda ce kawai ake buƙatar wani ya aika a kan kari.

Abin da ya fi damuna shi ne ita kanta FIFA da ta kafa dokar ita ke sassauta ta idan Afirka ce. Bisa ƙa'ida ranar 27 ga Disamba 2021 ya kamata a saki 'yan wasan da za su Kamaru. Ƙungiyoyin Turai suka yi ta matsa lamba, suna fakewa da korona, aka ce su riƙe su har 3 ga Janairu, alhali ranar 9 za a buɗe gasa. Aka maimaita a gasar Maroko: maimakon 8 ga Disamba 2025 aka mayar da ranar 15, gasa kuma ranar 21. Koci zai haɗa yara daga ƙasashe goma, ya koya musu salon wasa cikin kwana shida. Ka tuna André Onana. Ya tsare wa Manchester United raga a wasan Tottenham ranar 14 ga Janairu 2024, ya hau jirgi, washegari Kamaru na wasa da Gini a Yamusukuro, ko benci bai samu ba.

Masu cewa kulob ke biyan albashi ba ƙarya suka yi ba. Kulob da ke fafutukar kauce wa faɗuwa daga Firimiya, ya rasa mai ci masa ƙwallo har wata guda, asara ce ta gaske. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun 1957 ake buga kofin Afirka, a Khartum aka fara, shekara uku kafin Turawa su fara nasu a 1960. Babu kulob ɗin da ya sayi ɗan Afirka bai san da gasar ba, kuma sau da yawa arahar yaranmu ce ta ja shi. A 2022 shugaban Napoli, Aurelio De Laurentiis, ya fito fili ya ce ba zai ƙara sayen ɗan Afirka ba sai wanda ya amince ya haƙura da gasar. A kakar nan ce Osimhen ya ci ƙwallo 26 ya kawo musu kofin Italiya da suka shekara 33 suna nema. Mutum ba zai so nonon saniya ya kuma ce ta manta garkenta ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Damagaram. Me zai hana hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta mayar da gasar kofin Afirka watan Yuni da Yuli kamar yadda Turawa da 'yan Kudancin Amurka ke yi, lokacin da ƙungiyoyi ke hutu, kowa ya huta?

AMSA: Barka kadai Malam, a gaida mutanen Damagaram. Ai an gwada. A 2017 CAF, ƙarƙashin Ahmad Ahmad, ta yanke shawarar mayar da gasar Yuni da Yuli, ta kuma ƙara yawan ƙasashe daga 16 zuwa 24. Sau ɗaya tak aka yi hakan, a Masar a 2019, cikin zafin da sai ana dakatar da wasa a sha ruwa. Da aka zo kan Kamaru sai aka tuna cewa Yuni da Yuli damina ce tsundum a Duwala da Yawunde, aka koma Janairu. Haka Kwaddibuwa: an tsara ta tsakiyar 2023, ruwan Abijan ya sa aka kai ta Janairu da Fabrairun 2024. Kai manomi ne ko ɗan manomi, ka san ba a yi wa damina gardama. Hutun ƙwallon Turai an yanka shi ne a kan yanayin Turai, lokacin da rana ke yi musu daɗi.

Ta Maroko ce ta fi ba ni takaici, domin a can babu matsalar ruwa, kuma an so a yi ta a tsakiyar 2025. Sai FIFA ta kawo sabuwar gasar ƙungiyoyi ta duniya mai kulob 32, ta dasa ta a Amurka daga 14 ga Yuni zuwa 13 ga Yuli. Aka ce to a koma Janairu. Nan ma an tarar gasar zakarun Turai ta faɗaɗa tun kakar 2024, wasannin zagayen farko sun tashi daga 6 zuwa 8, biyun ƙarshe a ƙarshen Janairu. Shi ya sa aka matse tamu tsakanin 21 ga Disamba da 18 ga Janairu. Ƙungiyoyin da ke kukan cewa 'yan wasa sun gaji, su ne suka kwashe su zuwa Amurka a lokacin hutunsu saboda akwai dala a wurin.

Ana gab da buɗe gasar ta Maroko shugaban CAF, Patrice Motsepe, ya ba da sanarwar cewa daga 2028 sai bayan shekara huɗu-huɗu za a riƙa yin ta. Ni ban yi murna ba, kuma ina ganin ku a Nijar kun fi mu dalilin ƙin murna. Tawagarku Mena ta je gasar a 2012 da 2013, kuma a ta farkon ta fito ne daga rukunin neman gurbi da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Ƙasa irin Nijar, duk shekara biyu tana da damar sake gwada sa'arta. Idan aka ce sai shekara huɗu, yaro zai iya gama ƙuruciyarsa ta ƙwallo da dama biyu ko uku kacal.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Zariya. Ɗana yana wata makarantar koyon ƙwallo, burinsa ya fita waje ya kuma saka rigar Najeriya. Abin da ke tsaya mini a rai, idan yaro ya ji rauni yana buga wa ƙasa wasa, wa ke jinyarsa, wa ke biyansa?

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi, ya cika masa burinsa. Tambayarki ita ce asalin rigimar baki ɗaya. A da kulob ne ke ɗaukar komai. A watan Nuwamba 2004 wani ɗan Maroko, Abdelmajid Oulmers, ya ji mummunan rauni a wasan sada zumunta da Burkina Faso, ya yi wata takwas yana jinya, kulob ɗinsa Charleroi na Beljiyam na biyan albashi. Charleroi ta maka FIFA a kotu, manyan ƙungiyoyin Turai da ke cikin ƙawancen G-14 suka mara mata baya. Ba a kai ga hukunci ba aka sasanta a 2008, kuma daga wannan sulhu ne kuɗi suka fara shiga tsakani.

Tun 2012 FIFA na da inshora a kan wannan. Idan ɗan wasa ya ji rauni a hannun babbar tawagar ƙasarsa, a ranakun da ke cikin kalanda, ya wuce kwana 28 bai iya wasa ba, ana mayar wa kulob albashin da yake biyansa, har tsawon shekara guda, amma ba zai haura Yuro miliyan 7.5 ba. Ban da wannan, FIFA na raba wa ƙungiyoyi kaso daga kuɗin kofin duniya: dala miliyan 209 a na Katar a 2022, an kuma ware miliyan 355 don na 2026.

Sai dai, Hajiya, inshora albashi take mayarwa, ba ta mayar da lokaci. Victor Boniface ya ji rauni a sansanin Super Eagles a Abu Dhabi a Janairun 2024, ya rasa kofin Afirka, aka yi masa tiyata, bai koma wa Leverkusen ba sai watan Afrilu. Shi ya dawo ya tarar da wurinsa. Wani yaron kafin ya warke an sayi wani a madadinsa. Shawarata, duk ranar da Allah ya kawo kwantiragi, kada ya sa hannu sai wani lauya da ku kuka nemo, ba wanda dillali ya kawo ba, ya karanta muku abin da aka rubuta game da jinya da albashi lokacin rauni. Kuma kada ya bar karatu.

TAMBAYA: Baba, ni gaskiya raina a ɓace yake. Waɗannan 'yan wasan ba su da kishin ƙasa. Da an kira su sai su ce rauni, bayan kwana biyu ka gan su suna gudu a kulob. Ai mun ga abin da ya faru da Sadiq Umar. Me zai hana a daina kiran duk wanda ya yi haka har abada? Daga wani matashi a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Ɗana, na ji ɓacin ranka, amma a nan ba na tare da kai, kuma ina so ka karanta har ƙarshe.

Abin da ya faru shi ne, a Janairun 2024 likitocin tawaga suka ce Sadiq ya ji rauni a gwiwa, aka cire shi daga masu zuwa kofin Afirka aka kira Paul Onuachu. Bayan 'yan kwanaki aka gan shi yana atisaye a Real Sociedad, gari ya ɗauka. Shi kuma ya fito ya musanta cewa ƙarya ya yi, ya nuna ba shi ya cire kansa ba. Kafin ka yanke masa hukunci ka tuna 2016. Tawagar Olamfik ta maƙale a Atlanta saboda rikicin kuɗin jirgi, ba ta sauka Manaus ba sai ranar wasa, saura 'yan sa'o'i a take leda da Japan. Sadiq ne ya fara zura ƙwallo, muka ci 5 da 4. A wasan neman tagulla da Honduras ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya, kuma wannan tagulla ita kaɗai Najeriya ta samo a Rio. Ɗan garinku ne. Yaron da ya sauko daga jirgi ya shiga fili ya ci wa ƙasarsa ƙwallo, ba zan kira shi marar kishi a kan hoton atisaye ba.

Ba mu kaɗai ke wannan saurin hukunci ba. A kofin Afirka na Janairun 2024 ɗin dai Mohamed Salah ya ji rauni a cinya a wasan Gana, ya koma Liverpool jinya, Misirawa suka yi masa ca, mutumin da ya kai su kofin duniya na 2018 bayan shekara 28. Akwai kuma waɗanda da gaske sun ƙi zuwa, ban musa ba. A 2017 'yan Kamaru da dama, ciki har da Joel Matip, sun ce ba za su Gabon ba. Liverpool ta ajiye Matip wasu wasanni har sai da aka tabbatar mata ba za a hukunta ta ba. Kocin Kamaru Hugo Broos ya tafi da waɗanda suka amsa kira, suka ɗauko kofin.

Amma ka sa kanka a matsayin yaron. Kocinsa a kulob ba zai ce masa kada ka je ba, domin doka ta hana. Zai dai nuna masa wanda ke jiran wurinsa. A gida kuma akwai uwa da ƙanne da dangi da unguwa guda da ke ci daga wannan albashi, sana'ar kuma shekara goma ce zuwa sha biyar in an yi sa'a. To me yake tararwa idan ya amsa kiran? A 2013 'yan Super Eagles sun ƙi hawa jirgi daga Namibiya zuwa Birazil saboda alawus. A kofin duniya na 2014 sun ƙaurace wa atisaye kafin wasan Faransa, a kan kuɗi. A Oktoban 2024 aka karkatar da jirginsu zuwa filin Al Abraq a Libiya, suka kwana a kan kujeru fiye da awa 12, suka juyo ba su buga ba, daga baya CAF ta ba Najeriya ci 3 da nema. Wannan na ƙarshe ba laifin hukumarmu ba ne, amma kulob da ya ga hoton ɗan wasansa kwance a filin jirgi, ga shi yana da wasa a ƙarshen mako, ka san abin da zai raɗa masa a kira na gaba. Duk da haka suna zuwa. Ahmed Musa ya amsa kira fiye da sau 100. Alhassan Yusuf, ɗan Kano, kiran gaggawa aka yi masa daga Antwerp da Wilfred Ndidi ya ji rauni, ya tattaro ya taho.

Ina yaro a 1980 muka kewaye rediyon mahaifina muka ji an doke Aljeriya 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas. Segun Odegbami na Shooting Stars ne a Ibadan, kyaftin Christian Chukwu na Rangers ne a Inugu. Babu wanda ya nemi izinin wani Bature. Ko a 2013 koci Stephen Keshi ya tafi kofin Afirka a Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars, kuma ɗan gida ne, Sunday Mba, ya ci ƙwallon da ta ba mu kofin. Ranar da gasarmu ta gida ta iya biyan yaro abin da zai riƙe iyalinsa a kan kari, rabin wannan rigima za ta mutu da kanta. Fushinka ka kai shi can, wurin manyan da ke riƙe da takardu da alawus. Yaron da ka ce a kora shi ne mafi ƙarancin iko a cikin su duka.

TAMBAYA: Malam, shin wannan doka ta sakin 'yan wasa ta shafi gasar Olamfik? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

AMSA: Ba ta shafa ba, ƙanena. Ƙwallon maza na Olamfik ba ya cikin kalandar FIFA, don haka roƙo ake yi, kulob ya ga dama ya bayar, ya ga dama ya hana. An gwada wannan a 2008, lokacin da Barcelona da Schalke da Werder Bremen suka kai ƙara kotun wasanni ta duniya da ke Lozan, ta kuma ba su gaskiya. Barcelona na da ikon dawo da Lionel Messi daga Beijin, amma sabon kocinta Pep Guardiola ya ce a bar shi. Mu abin ya faɗa wa, domin Messi ne ya miƙa wa Ángel Di María ƙwallon da Ajantina ta doke mu da ita 1 da nema a wasan ƙarshe.

John Mikel Obi ya je Rio a 2016 a daidai lokacin da Antonio Conte ya karɓi Chelsea yana haɗa tawagarsa. Ya jagoranci yaran nan da na ambata a sama har suka samo tagulla. Da ya koma Landan bai sake buga wa Chelsea wasa ko ɗaya ba, bayan shekara goma a kulob ɗin, a watan Janairun 2017 ya tafi Tianjin ta ƙasar Sin.